Sirri a Hannun Jagora: Yadda Ake Buɗe Labari a Wasan Kwaikwayon Kan Tebur

A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka. Wasa ne da mutum huɗu ko biyar ke kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, mutum guda kuma ya zama jagora. Jagoran nan shi ne idon 'yan wasa, shi ne kunnensu. Ƙofar da bai ambata ba, babu ita. Har allon kwali yake kafawa a gabansa don kada a leƙa taswirarsa. Mai tatsuniya ma yakan riƙe ƙarshen labari a cikinsa, sai dai masu sauraronsa ji kawai suke yi. Su kuwa 'yan wasa, da abin da aka gaya musu suke yanke shawara. In an rage musu bayani, an rage musu wasan.

Tsohuwar hanya ita ce a ɗaure bayani da ƙwayar lido. A wasan Call of Cthulhu, wanda Sandy Petersen ya tsara a 1981 bisa labaran H. P. Lovecraft, 'yan wasa masu bincike ne, kuma kowanne yana da maki cikin ɗari a fannoni irin su hango ɓoyayyen abu da tonon littattafai a laburare. Ka jefa ƙwaya, in ta faɗo daidai, ka ga wasiƙar da ke ƙarƙashin katifa. To, in ba ta faɗo ba fa, kuma wasiƙar ce kaɗai ke nuna gidan mai kisan? Labari ya tsaya cak. Jagora ya koma kame-kame, ko ya ce a sake jefawa har sai an dace, kowa kuma ya gane cewa jifan farko ba shi da amfani.

Mutum biyu sun yi wa wannan ciwo magani. Robin D. Laws ya fito da tsarin GUMSHOE a 2006 cikin wasan The Esoterrorists: muddin jarumi yana da ƙwarewar, yana wurin da ya dace, ya kuma ce zai duba, to a ba shi alamar da labari ke buƙata ba tare da jifa ba. Justin Alexander kuwa, a 2008, cewa ya yi duk gaskiyar da kake so a gano, ka shuka mata alamu uku a wurare daban-daban, domin za a wuce wata, a raina wata, a yi wa wata gurguwar fahimta. A ganina Laws ne ya taɓo jijiyar. Daɗin bincike ba a tsintar wasiƙa yake ba. Yana cikin gardamar da ke tashi bayan an karanta ta, wannan ya ce ɗan kasuwar ne, wancan ya ce a'a, matarsa ce.

Wannan bai hana jagora ya saka ƙarya a bakin mutanen labari ba. A cikin littafin wasa mai suna The Keep on the Borderlands na 1979, Gygax ya jera jita-jitar da ake ji a gari, wasu gaskiya, wasu ƙarya. Ɗaya ta ce wani ihu da dodanni ke yi alamar miƙa wuya ce, alhali kiran 'yan'uwansu suke yi su kawo ɗauki. Wanda ya yarda ya sauke takobi, ya sha mamaki. Ina ƙaunar wannan dabara, domin ƙaryar daga bakin ɗan gari ta fito, kuma mai hankali zai iya tambayar wani kafin ya gaskata. Abin da ba ya halatta shi ne jagora ya yi ƙarya da bakinsa a kan abin da idon jarumi ya gani. Ranar da aka kama shi, amana ta tafi.

Akwai kuma bayanin da ake danƙa wa hannu. Littafin wasa mai suna Masks of Nyarlathotep na 1984 ya zo da yankakkun jaridu, wasiƙu, har da hoton kwalin ashana, waɗanda ke jan masu bincike daga New York zuwa Landan, Alkahira, Kenya da Shanghai. Takarda ba ta mantuwa, kuma bayan wata guda ana iya shimfiɗa ta kusa da wata a ga alaƙar da ba a gani ba tun farko. Dogon sakin layin da jagora ke karantowa daga littafi kuwa, kafin ya kai tsakiya hankula sun watse.

Vincent Baker ya juya lamarin a wasan Apocalypse World na 2010. Ɗan wasa ne ke zaɓen tambaya daga jerin da aka tanada, jifa ya ƙayyade ko ɗaya zai yi ko uku, jagora kuma dole ya amsa da gaskiya. Nan bayani ya zama haƙƙin mai tambaya.

Don haka, kai da ke shirin zama bayan allon kwali, kafin ka ce a jefa ƙwaya ka tambayi kanka: in ta ƙi, labarin yana da wata hanya? In ba shi da ita, faɗa musu kawai.