Tarken Dabarar DEA wajen Auna Ƙwazon Makarantun Sakandare

Tun daga 1992 gwamnatin Ingila ta fara buga jadawalin makarantun sakandare bisa sakamakon jarrabawa. Masana sun soki wannan tsari, domin makarantar da ta ɗebi haziƙan ɗalibai tun farko ba ta rasa kyakkyawan sakamako, ko da malamanta sun yi sakaci. A 1996 Goldstein da Spiegelhalter suka nuna cewa tazarar da ke tsakanin yawancin makarantu a irin wannan jadawali ba ta kai a dogara da ita ba.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka nemi gyara da su ita ce dabarar DEA, wadda Charnes da Cooper da Rhodes suka fito da ita a 1978, bisa harsashin aikin Farrell na 1957. Dabarar tana kwatanta abin da makaranta ta samu, kamar malamai da kuɗi, da abin da ta haifar. A 1981 suka gwada ta a kan makarantun firamare na Amurka, inda suka sa ilimin uwa da ziyarar iyaye makaranta cikin lissafi. Daga baya aka ɗauke ta zuwa makarantun sakandare.

To sai dai dabarar tana da rauni biyu. Na farko, ba ta auna makaranta sai da takwarorinta. Idan duk rukunin raunana ne, mai dama-dama a cikinsu sai ta sami cikakken maki, watau mai ido ɗaya ya ga makaho ya gode Allah. Na biyu, kowace makaranta ana auna ta da nauyin da ya fi yi mata daɗi, saboda haka wadda ta yi fice a darasi ɗaya tak tana iya hawa sahun gaba.

Babban abin lura shi ne, mai nazari ne ke zaɓen abin da za a ƙirga kafin lissafi ya fara aiki. A Nijeriya, inda ake yawan auna makaranta da kiredit biyar na WAEC har da Turanci da Lissafi, wahalar malamin Hausa tana iya ɓacewa a jadawali. Idan hukuma ta raba kuɗi ko ta hukunta shugaban makaranta bisa wannan awo, wajibi ne ta fara bayyana abin da ta ƙirga da abin da ta bari.