Jigon Ƙauna da Tuna Baya a Zanen Kamala Ibrahim Ishaƙ ta Omdurman

Ɗalibin Hausa ya saba da tarken waƙa da zube da wasan kwaikwayo, inda yakan nemo jigo, ya warware shi, sannan ya dubi salon da aka isar da shi. Manufar wannan takarda ita ce a gwada ɗora wannan ma'auni a kan zanen fenti, ta hanyar duba ayyukan Kamala Ibrahim Ishaƙ, ɗaya daga cikin manyan masu zane na ƙasar Sudan. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, ƙaunar da ke cikin zanenta ta zumunci ce da zaman tare, musamman tsakanin mata, kuma ta sha bamban da soyayyar saurayi da budurwa wadda aka saba gani a littattafan kasuwar Kano da finafinan Hausa.

An haifi Kamala a Omdurman a shekarar 1939. Ta kammala Kwalejin Zane ta Khartum a 1963, sannan ta yi ƙarin karatu a Landan daga 1964 zuwa 1966, ta dawo ta daɗe tana koyarwa a kwalejin da ta yaye ta. A lokacin da ta taso, salon da ake yayi shi ne na Mazhabar Khartum, wato na su Ibrahim El-Salahi da Ahmad Shibrain, waɗanda suka ɗauki harafin Larabci da adon gargajiya suka mayar da su ginshiƙin zane. Ko da El-Salahi ya tashi nuna alhinin rasuwar mahaifinsa a wani zane na 1964, ta hanyar alamu da siffofi masu kama da rubutun allo ya bi. A cikin shekarun 1970 Kamala da wasu ɗalibanta, ciki har da Muhammad Hamid Shaddad da Na'ila al-Tayyib, suka kauce wa wannan turba, suka kafa ƙungiyar da za a iya kira 'Yan Ƙarau. Ra'ayinsu shi ne duniya tamkar ƙarau take, ana hango cikinta, amma siffarta tana sauyawa gwargwadon inda mai kallo ya tsaya.

Wanda ya fara cin karo da zanenta, abin da zai soma damun sa shi ne fuskoki. Matan da take zanawa ba kyawawa ba ne a ma'aunin mawaƙin soyayya. Fuska takan miƙe, ko ta karkace, ido ya zurma, baki ya koma gefe. An ruwaito cewa ta samo wannan ne daga yadda take ganin fuskokin fasinjoji suna jirkicewa a gilashin tagar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Ta kuma amfana da ayyukan William Blake da Francis Bacon. Sai dai akwai bambanci muhimmi tsakaninta da Bacon wanda bai kamata matarki ya tsallake ba. Bacon yakan killace mutum guda cikin wani abu mai kama da keji, ya bar shi da azabarsa shi kaɗai. Ita kuwa ko a zanen da ta zuba mata cikin akwatunan ƙarau, da yawa take jera su, kowace a nata akwati, kusa da 'yar'uwarta. Damuwar ke nan: ga su dab da juna, ana ganinsu sarai, amma akwai shamaki. Duk wanda ya san zaman gidan yawa, inda mace kan kwana da abu a rai shekara da shekaru ba ta furta ba, zai gane wannan hoto ba tare da an yi masa sharhi ba.

Tushe na biyu na salonta shi ne zar, wato bikin iskoki da mata suka fi riƙewa a Sudan, da turare da kiɗa da rawa, ƙarƙashin jagorancin wata shaiha. Kamala ta yi bincike a kansa tun tana matashiya. Abin sha'awa ga mai nazarin Hausa shi ne, wani reshe na wannan al'ada sunansa zar bori, kuma masana sun daɗe suna tattauna dangantakarsa da borin ƙasar Hausa, ganin daɗewar Hausawa da Fulani a kan hanyar hajji ta Sudan. Ba wa'azi take yi ba a kan halaccin zar ko haramcinsa. Abin da ta ɗauko daga ciki shi ne da'irar mata, inda ciwon mutum ɗaya yake zama na kowa, har siffofin jikinsu su narke cikin juna.

Inda jigon tuna baya ya fi fitowa fili shi ne babban zanenta na 2019 mai suna Bait al-Mal. Sunan unguwar da ta tashi ne a Omdurman, wadda ta samo sunanta daga baitulmalin daular Mahadi. Mai kallo zai zaci taswirar tituna da gidaje zai gani, sai ya tarar da rukuni-rukuni na mutane, jijiyoyi da rassan itatuwa sun sada wannan da wancan. Ma'ana, abin da zuciya ta riƙe game da unguwa shi ne wane ne maƙwabcin wane, wace ce ta shayar da ɗan wace. Bahaushe kan ce dangin juna ko tsatso ɗaya, ita kuwa sai ta zana tsatson a zahiri. A nan ne salo da jigo suka dace ƙwarai, domin da an cire jijiyoyin nan, zanen zai koma tarin mutane kawai.

Haka ta yi a 2022 da ta tashi makokin matasan da aka kashe a ranar 3 ga Yuni 2019, lokacin da aka tarwatsa zaman dirshan a gaban hedikwatar soja ta Khartum, aka jefa gawarwakin wasu a kogin Nilu. Ba ta zana bindiga ko jini ba. Fuskoki ta zana cikin ƙawanya-ƙawanya, suna shawagi a tsakanin tsirrai kamar a cikin ruwa. Kallon uwa ne mai neman fuskar ɗanta.

Duk da haka, salon yana da rauninsa. Fuskokin sukan yi kama da juna har mai kallo ya kasa bambance wannan mace da waccan, kuma idan aka jera ayyukan da yawa wuri ɗaya, kamar yadda aka yi a Sharja a 2016 da gidan Serpentine na Landan a 2022, maimaicin yana iya dusashe kaifin wasu. Bugu da ƙari, baƙon da bai san Omdurman ba sai ya jingina da bayanin da aka liƙa a bango kafin ya san Bait al-Mal unguwa ce ta gaske. Ana iya kare ta da cewa kamannin da gangan ne, tunda jama'a take zanawa, amma kariyar ba ta share ƙorafin gaba ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ya sauya karatun waɗannan ayyuka wanda ba ya hannun mai zanen. A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF, miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Unguwanni irin su Sahafa a kudancin Khartum da tsofaffin unguwannin Omdurman sun ga watsewar maƙwabtan da suka shekara da shekaru ƙofa da ƙofa, wasu suka nufi Port Sudan, wasu Alƙahira, wasu Chadi. A 2019 Bait al-Mal kewar dattijuwa ce ga ƙuruciyarta. Mutumin Sahafa da ya kalle shi bayan 2023, lissafi zai shiga yi na waɗanda jijiyoyin nan suka haɗa shi da su, da inda kowannensu ya faɗa.