Surar da ba ta da mai ita: Nazari kan hujjar “tsare inuwa”

Halascin hoton kyamara a wajen mafi yawan malaman zamani ya ginu ne a kan hujjar da Shaikh Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya kafa: mai ɗaukar hoto bai ƙagi sura ba, inuwar halittar Allah ya tsare, kamar yadda madubi yake yi. Hujja ce mai ƙarfi a muhallinta. Aibin yana ga masu jan ta a yau har ta rufe duk abin da ya bayyana a fuskar kwamfuta.

A 2021 kamfanin Epic Games ya fitar da MetaHuman Creator, manhajar da take bai wa mai zane don nishaɗi damar haɗa mutum cikin ɗan lokaci: ya zaɓi ƙirar muƙamuƙi da launin fata, ya shirya gashi, ya sa tamoji a goshi. Kafin ta, Poser da Daz Studio sun daɗe a hannun irin waɗannan masu sha'awa, sai dai surorinsu na farko sun fi kama da 'yar tsana. Wannan tazara ce take rufewa. Abin da yake fitowa yanzu ido yana ɗaukarsa hoto, alhali babu wani mutum da aka tsare inuwarsa. To, ina madubin? Illar da hadisin Nana A'isha (Allah Ya ƙara mata yarda) ya ambata a ƙissar labule, wato kwaikwayon halittar Allah, ta fi kusa da wannan aiki fiye da yadda ta taɓa kusantar kyamara.

Ma'aunin Malikiyya ma bai yanke zancen ba. Dardir ya taƙaita haramci ga cikakkiyar surar mai rai wadda take da inuwa, ya bar zanen da yake shimfiɗe tsakanin karhanci da saɓa wa abin da ya fi. Surar kwamfuta kuwa an gina ta da tsawo da faɗi da kauri, har manhaja tana lissafa mata inuwa, amma hannu ba ya shafa ta. Mai riƙo da zahirin lafazi zai ce shimfiɗaɗɗiya ce, kuma yana da abin kafa hujja, har zuwa ranar da za a tura ta ga na'urar da take fitar da ita gunki.

Abin da fatawowin suka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne lokacin da surar take da mai ita. Manhajar tana karɓar fuskar mutum na gaske, a ɗora ta a jikin da ba nasa ba, a motsa leɓɓansa da maganar da bai faɗa ba. Nan mas'ala ta bar babin sura ta koma babin ƙage da keta mutunci, inda babu saɓani tsakanin mazhabobi.