Sigina Magana Ce, Ba Ado Ba

Idan ka bi titunan Dutse da magariba, ko hanyar Shuwarin ranar kasuwa, ka lura da siginar motoci da babura. Wata fara ce fat, wata shuɗiya, wata kuma sai ƙifce-ƙifce take da sauri kamar an biyo ta. Galibi dalilin ɗaya ne, an cire ƙwan fitilar da ya zo da abin hawan an sa na LED. Ni ba LED nake suka ba. Aikin rabi da rabi da ake yi wajen sauyawar shi ne matsalar.

Masu sauyawa suna da hujja. Tsohon ƙwan fitila yana da siririyar waya wadda sai ta yi zafi take ba da haske, kuma hakan kan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. LED kuwa nan take yake kamawa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita biyar da rabi a wannan ɗan lokacin. Ƙwan siginar mota yana jan wat 21, na LED 'yan wat kaɗan, kuma ba shi da wayar da gargada za ta tsinka.

To ina gizo ke saƙar? A filasha, wato ɗan akwatin da ke kunna sigina yana kashewa. Ƙa'idar da masu ƙera motoci ke bi ita ce ƙiftawa 60 zuwa 120 a minti ɗaya. An kuma tsara filasha ta riƙa lura da yawan wutar da ake ja. Idan wutar ta ragu, sai ta ɗauka ƙwai ya mutu, ta ƙara sauri don ta sanar da direba. Da ka sa LED, abin da take gani ke nan. Tsohuwar filasha mai aiki da zafi ma tana iya ƙin ƙiftawar gaba ɗaya.

Maganin da aka fi yi wajen masu wayarin shi ne a liƙa rizista mai om 6, ta ja wutar da LED bai ja ba, a yaudari filasha. Yi lissafin da kanka: bolt 12 a kan om 6 amfiya 2 ne, wato wat 24. Wutar da ka yi tattali ta koma zafi, an gudu ba a tsira ba. Idan aka naɗe rizistar da salatif kusa da roba maimakon a ɗaure ta jikin ƙarfe, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, tana iya narkar da rigar waya. Abin da ya fi muni, ko LED ɗin ya mutu rizista na nan tana jan wuta, filasha ba za ta faɗa maka ba. Kana zaton ka ba da sigina, na bayanka bai ga komai ba.

Sai batun launi. Duk direba ya san ruwan goro mai ƙiftawa na nufin za a juya. Farin LED a bayan murfi mai ruwan goro dusashewa yake yi, domin murfin yana tare shuɗin da ke cikin farin hasken. A bayan farin murfi kuwa, ya yi kama da fitilar ribas. Ka ƙara da hazon hunturu ko ranar tsaka, saƙon ya ɓace.

Idan za ka sauya, sayi LED mai ruwan goro, ka canza filasha zuwa wadda aka yi don LED in motarka ta ba da dama. Ka gwada da rana tsaka, ka ja baya da nisa ka duba ta baya da ta gefe. Ka riƙa zagaya motar kana duba siginar lokaci-lokaci, don yawancin sababbin filashar ma ba sa gargaɗi. In ba za ka iya wannan ba, bar tsohon ƙwan. Ɗan acaɓan da ke bayanka ɗauke da fasinja ba shi da hanyar sanin niyyarka sai wannan 'yar fitilar.