Wa Ya Kashe Rana? Tsokaci a Kan Ƙagaggen Tarihihi a Wasan Labari na Kan Tebur

Gabatarwa

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda daga baya ya haifi dangin wasanni masu yawa. Yadda ake yin sa kuwa shi ne, mutum huɗu ko biyar su zauna kewaye da tebur, kowa da takarda da fensir. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, shi ke bayyana wuri da lokaci da abin da ke gudana. Sauran kuwa kowanne ya ɗauki tauraro guda, ya riƙa faɗin abin da tauraron nasa zai aikata. Idan aka zo gaɓar da ba a san ko abu zai yiwu ko ba zai yiwu ba, sai a jefa ɗan lido ya raba gardama. Ke nan wasan ya ɗebo wani abu daga tatsuniya, ya kuma ɗebo daga wasan kwaikwayo, amma ya saɓa masu ta fuska guda: babu wanda ya san ƙarshen labarin, har shi kansa jagoran.

Labari guda a wannan wasa yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, ana haɗuwa mako-mako ana ɗorawa. Saboda haka dole a samar masa da duniyar da zai gudana a cikinta, da ƙasashenta da sarautunta, da kuma labaran da mutanenta ke bayarwa game da asalin rana da mutuwa da mulki. Waɗannan labarai na asali su ne muka kira tarihihi a wannan maƙala. Ƙagaggu ne, marubuci ne ya zauna ya tsara su, babu wanda ya gaje su daga kaka da kakanni. Abin da muke son dubawa shi ne, me ke sa irin wannan tarihihi ya yi rai a kan tebur, me kuma ke sa ya zama gawa? Za mu kafa hujja da duniyar Glorantha ta Greg Stafford, domin a ganinmu ita ce ta fi fuskantar wannan tambaya gaba da gaba.

Tarihihi a Matsayin Jadawali

Kafin mu shiga Glorantha, ya kamata mu ga hanyar da aka fi bi. A 1980 kamfanin TSR, mai Dungeons & Dragons a wancan lokaci, ya buga littafin Deities & Demigods na James Ward da Robert Kuntz. Littafin ya tattaro ababen bautar Girkawa da Misirawan dauri da mutanen arewacin Turai da wasu al'ummu, ya jera su kamar kayan kanti. Kowanne an ba shi lambobi: ƙarfinsa kaza, saurinsa kaza, yawan saran da zai jure kafin ya faɗi kaza. Zeus na Girkawa, alal misali, makinsa na jure sara 400 ne. To, duk abin da aka faɗi yawan saran da zai kayar da shi, ai an gayyaci mai takobi ya gwada. Illar wannan tsari a fili take. An ciro sunaye daga cikin al'ummun da suka ba su ma'ana, an bar bukukuwa da hani da tsoro a baya, sai ƙwarangwal kawai aka kawo. Mai wasa zai san wane ne mai tsawa, amma ba zai san abin da manomi ke yi ba idan ya ji tsawar.

Akwai kuma hanyar J. R. R. Tolkien, wanda ɗansa Christopher ya fitar da littafinsa The Silmarillion a 1977, shekara huɗu bayan rasuwarsa. Babu mai musun zurfin wannan aiki. Sai dai don karatu aka yi shi, kuma manyan al'amuransa duk sun riga sun auku. Wanda ya ɗauke shi ya kai tebur yakan tarar da 'yan wasansa sun zama baƙi a gidan da aka gama gini aka share tsakar gida.

Kisan Yelm

Greg Stafford ya fara ƙaga Glorantha a 1966 yana ɗalibi. A 1975 ya kafa kamfanin Chaosium ya fitar da wasan yaƙi mai suna White Bear and Red Moon, sannan a 1978 wasan RuneQuest, wanda Steve Perrin da abokan aikinsa suka tsara, ya buɗe wa masu wasan labari ƙofar wannan duniya. Duniya ce shimfiɗaɗɗiya da ke yawo a kan ruwa. Tagulla ce ƙarfen yau da kullum, kuma ana cewa ƙarafa ƙasusuwan alloli ne da suka mutu a yaƙi. Cuta kuwa aljanu ke kawo ta. Wato a Glorantha tarihihi shi ne ke riƙe da matsayin da ilimin kimiyya ke riƙe da shi a duniyarmu.

Ginshiƙin tarihihin shi ne labarin Orlanth, ubangidan iska da hadari, da Yelm, wanda shi ne Rana kuma sarkin sarakuna. Orlanth ya yi gasa da Yelm ta rawa da tsafi da kiɗa, duk aka yanke hukuncin cewa ya sha kaye. Daga ƙarshe ya zo da wani sabon makami da duniya ba ta san irinsa ba, wato Mutuwa, ya sare Yelm. Rana ta faɗa lahira, duhu ya rufe duniya, ta ɓarakar da aka yi kuma halaka ta kwararo. Da Orlanth ya ga abin da hannunsa ya jawo, sai ya tara abokan tafiya, su bakwai har da shi, suka gangara ƙarƙashin ƙasa neman wanda ya kashe. A can aka ƙulla yarjejeniya, daga cikinta aka haifi Lokaci. Shi ya sa Rana ke yin rabin tafiyarta a sama, rabi a lahira.

Wannan ruwayar mutanen tsaunuka ce, masu bin Orlanth. Idan muka gangara biranen Dara Happa, inda ake ɗaukaka Yelm, sai mu ji zance ya sauya. A wurinsu ɗan tawaye ne ya yi wa halattaccen sarki kisan gilla, kuma ba nadama ce ta kai shi lahira ba, adalcin sarkin ne ya jawo shi ya zo ya durƙusa. Abin lura a nan shi ne Stafford bai tsaya tsakani ya ce ga mai gaskiya ba. Ya bar ruwayoyin biyu suna kallon juna, kowacce da limamanta da mayaƙanta. A 1992 ya ƙara nisa da wannan dabara a littafin King of Sartar, wanda ya zuba shi a matsayin tarin tsofaffin takardu masu karo da juna game da wani jarumi, Argrath, har mai karatu ya rasa ko mutum ɗaya ake nufi ko mutane da yawa.

Ɗalibin adabin baka ba zai yi mamakin wannan ba. Mun san labarin Bayajida ba bakinsa ɗaya ba, ruwayoyi sun saɓa a kan asalinsa da hanyar da ya biyo kafin ya iso Daura, kuma kowace ruwaya akwai wanda take yi wa amfani. Tarihihin da al'umma ta rayu da shi haka yake, yana da masu shi, masu shi kuma suna da buƙata. Kuskuren da mafi yawan masu ƙaga duniya ke yi shi ne su rubuta labarin halitta guda ɗaya tilo, da muryar wanda ya ga komai, su miƙa wa 'yan wasa su haddace. Stafford ya gane cewa saɓanin shi ne abincin wasan. Idan tauraron wani ɗan wasa ɗan tsauni ne, na wani kuma ɗan birni, to tun kafin jagora ya buɗe baki rikici ya samu, kuma rikici ne da kowane ɓangare ke da abin faɗa.

Daga Labari Zuwa Doka

Hujja ta biyu da ta ɗaga Glorantha ita ce tarihihinta yana sauka ƙasa ya zama hani da umarni. Littafin Cults of Prax na 1979 shi ya fi nuna haka. Prax wani fili ne busasshe na makiyaya, waɗanda ba sa hawan doki, har ma suna ƙyamarsa. Wasu ƙabilun ɓauna suke hawa, wasu barewa, wasu gwanki. Tarihihinsu ya ce a zamanin duhu abinci ya ƙare, sai Waha ya shirya gasa tsakanin mutane da dabbobi, a kan wanda ya yi nasara zai ci, wanda ya faɗi a ci shi, shi kuma ya rayu da ciyawa. Mutane suka yi nasara a kowace gasa sai guda ɗaya. Wasu dabbobi masu dogon hanci da ake kira morokanth suka kayar da nasu abokan karawar. Saboda haka har gobe morokanth na kiwon garken mutane marasa hankali da magana, kuma sauran ƙabilu, ko da suna zargin an yi maguɗi, sun yarda cewa alkawari alkawari ne.

A duba irin nauyin da wannan ɗan gajeren labari ya ɗauka. Ya bayyana tattalin arzikin ƙasar, ya bayyana wa ke aure da wa, wa ke kai wa wa hari. Sannan ya ajiye wa ɗan wasa tarko. Ranar da tauraronsa ya iso kasuwa ya ga ana cinikin garken masu kama da shi, me zai yi? In ya zare takobi ya karya dokar da ta raya ƙasar, in ya kau da kai ya zauna da abin a ransa. Jadawalin lambobi ba zai taɓa haifar da irin wannan tsaka mai wuya ba.

Haka abin yake ga sauran ƙungiyoyin bauta da littafin ya kawo. Mabiyin Humakt, ma'abocin takobi da mutuwa, yakan karɓi baiwa tare da hani, kuma idan ya mutu ba a tayar da shi, alhali wasu na da wannan dama. Mai bin Chalana Arroy, uwar masu magani, ba ta ɗaukar makami ko da a tsakiyar yaƙi. Ta fuskar salo kuma, an ratsa bayanan da labarin tafiyar wani ɗan kasuwa, Biturian Varosh, wanda ke cuɗanya da kowace ƙungiya yana neman riba. Ta idonsa muke ganin yadda aƙida ke shafar farashi da masauki da aure. Wannan dabara ta tauraro mai yawo tsohuwa ce a adabi, amma a littafin dokokin wasa baƙuwa ce a lokacin. Bugu da ƙari, shekarar Glorantha mai kwana 294 tana ƙarewa da mako biyu na alfarma, inda jama'a ke sake taka sawun tafiyar Orlanth, kuma yadda suka taka shi ke nuna yadda sabuwar shekara za ta kasance. Ta wannan ƙofa 'yan wasa kan shiga cikin tarihihin da kansu, su sa rigar jaruman farko, wani lokaci ma su dawo da labarin ya ɗan karkace.

Wani abin da ya fi ba mu sha'awa, wataƙila don ya taɓa sana'armu, shi ne labarin wasu masana na wani tsohon zamani a Glorantha, waɗanda suka tattara tarihihin al'ummu duka suka tace shi ya zama tsari guda. Da suka ga allolin amfanin gona na ƙasashe biyu sun yi kama a jadawalinsu, sai suka musanya su don gwaji. Sakamakon shi ne amfanin gona ya lalace, aure ya riƙa mutuwa, daga ƙarshe duniyar ta juya masu baya ta hallaka daularsu. Stafford ya karanta Joseph Campbell, mai littafin The Hero with a Thousand Faces na 1949, wanda ya yi ƙoƙarin nuna cewa labaran jarumai na duniya ƙashin bayansu ɗaya ne. Ya amfana da shi ƙwarai, amma a nan muna ganin almajiri ya saka wa malaminsa da raddi a cikin labari. Manazarcin da ya saba cusa kowace tatsuniya cikin akwatin ra'i ɗaya zai ji an taɓa shi.

Inda Gizo Ke Saƙa

Duk da haka, ba za mu ce aikin ba shi da tawaya ba. Babbar matsalarsa nauyi. Littafin Guide to Glorantha da ya fito a 2014 juzu'i biyu ne, shafi wajen 800, kuma ya ci lambar yabo ta Diana Jones a 2015. Abin alfahari ne ga tsofaffin masoya, amma ga sabon jagora dutse ne a ka. Duniyar da aka gina don a bar wa mai wasa fili ta wayi gari tana da malamanta masu gyara wa mutum zance idan ya kuskure sunan wani sarki. Masu buga littattafan sun sha nanata cewa Gloranthar kowane tebur za ta bambanta, sai dai yawan nanatawar kansa shaida ne cewa mutane na jin tsoron taɓawa.

Matsala ta biyu daga shi Stafford take. Har zuwa rasuwarsa a 2018 yana ɗaukar kansa mai gano Glorantha, kamar matafiyin da ke ƙara ganin ƙasa, don haka ba ya jin nauyin warware abin da ya faɗa jiya. Masoya har sun ƙera kalma daga sunansa na farko don wannan hali. Fitaccen misali shi ne na Yelmalio, wanda 'yan wasa suka shafe shekaru fiye da goma suna ɗauka shi ne ubangidan rana na mutanen tsaunuka, sai King of Sartar ya zo da wani Elmal ya ce shi ne na asali. A nan ya kamata mu bambance abu biyu da suka yi kama. Saɓani tsakanin mutanen cikin labari dukiya ce ga mai wasa, domin shi zai zaɓi ɓangare. Saɓani tsakanin littafin bara da na bana kuwa hasara ce gare shi, domin tauraron da ya raina shekara da shekaru an zare masa tabarma ba da shawararsa ba. Stafford ya ƙware a na farko, amma sau da yawa yakan fake da shi ya aikata na biyu, kuma gardamar Elmal da Yelmalio ta ci gaba a tsakanin masoya har bayan rasuwarsa.