Daga Kotso Zuwa Fiyano: Waƙoƙi Biyar a Kunnen Mutumin Illela

Mutumin Illela da sauraron ƙasa biyu ya tashi. Ta kudu akwai Rediyon Rima daga Sakkwato da Rediyon Kaduna, ta ƙetaren iyaka kuma akwai Muryar Sahel daga Yamai, ga Birnin Ƙonni nan kusa, tafiyar 'yan mintoci. Wanda ya zauna a irin wannan wuri yakan lura da abin da na tsakiyar ƙasa ba ya lura da shi: waƙar Hausa ba ta san shinge ba, amma ta san mai ciyar da ita. Duk lokacin da ubangidan mawaƙi ya sauya, sai abin da waƙa ke faɗa ya sauya. Da waƙoƙi biyar da nake so zan bi wannan sawu, tun daga shekarun 1930 har zuwa yau.

Ta farko ita ce Bakandamiyar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu. A wancan zamani fada ce ke riƙe da makaɗi: ita ke ba shi doki da riga da hatsi, shi kuma ya biya da yabo, da zambo ga 'yan adawar sarauta, da habaici ga bafaden da ya hana. Saboda ubangida ɗaya ne, kuma mai jin Hausa ne, makaɗin yana da sukunin zama da yaransa su sassaƙa magana har ta yi laushi. Shi ya sa ɗango ɗaya na Narambaɗa kan ɗauki malaman jami'a darasi guda. Ga mutanen Illela da Ƙonni akwai ƙarin daɗi: Hausar da yake waƙa da ita ita ce ta cikin gida, ba sai an fassara wa tsohuwa ba. A wannan layi Salihu Jankiɗi yake, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, da Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991.

Ta biyu waƙar Shago ce ta Ɗan'anace. A nan an fita daga zaure an koma fili. Ubangida ɗan dambe ne, masu kari kuwa mahauta da manoman da suka kawar da amfanin gona. Kalangu ya maye gurbin kotso, kirari ya yi zafi, ana ambaton mutuwa gaba-gaɗi don a zuga namiji ya shiga. Abin da ke burge ni shi ne, talakan da ba shi da gadon sarauta ya samu suna da ƙarfin hannunsa, har aka san shi inda ba a san hakimin garinsu ba.

Ta uku ita ce Karen Mota ta Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Da kuntigi kaɗai, ba 'yan amshi, ya zana rayuwar yaron babbar mota. Wanda ya taɓa tsayawa a tashar Illela ranar Lahadi, ya ga motocin shanu da albasa da wake suna lodi, ya san mutumin da ake nufi. Wannan waƙa ba ta da ubangidan da zai yi kyauta. Faifan garmaho da rediyo da kaset su suka ɗauki nauyinta, wato jama'a ce ta zama sarki. Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya taka ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a can: ya yi wa sarakuna, ya yi wa direbobi da attajirai. Barmani Choge kuma ta fito da amada daga cikin gida, ta sa maza suka ji abin da mata ke faɗa tsakaninsu game da kishiya da sana'a.

Ta huɗu waƙar fim ɗin Sangaya ce, na ƙarshen shekarun 1990. A wannan zamani fiyano ya shigo, ɗakin ɗaukar sauti a Kano ya zama sabuwar fada, mai shirya fim ya zama ubangida. Jigo ya koma soyayya, mace da namiji suna musayar baiti irin na finafinan Indiya. Dattawa sun yi tsaki, amma ƙofa ta buɗe wa wanda ba ɗan makaɗa ba, ta kuma buɗe wa 'yan ƙetaren iyaka: Fati Nijar daga Maraɗi ta zo Kano ta yi suna. Asarar da aka yi ita ce, Kananci ya mamaye komai. Saurayin Illela da ke son a saurare shi sai ya ajiye Hausar uwarsa a bakin ƙofar situdiyo.

Ta biyar ita ce Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta fito a 2020. A lokacin iyakar Illela na rufe tun watan Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Disamban 2020, ga kuma kullen korona. An tsare buhun shinkafa, amma waƙar ta ratsa daga waya zuwa waya, matan aure suna taka ta a gaban mazajensu ana yaɗawa. Ubangidan yanzu shi ne mai waya, kuma ba shi da haƙuri: in amshi bai kama shi nan take ba, ya wuce. Don haka waƙa ta gajarce, kiɗa ya rinjayi magana. Wanda ke neman kyauta mai tsoka kuma sai ya nufi ɗan siyasa, wanda waƙarsa kan mutu washegarin zaɓe.

Ba na cikin masu cewa komai ya lalace. Makaɗin fada ma don abinci yake yi, kuma akwai gaskiyar da ba ya iya faɗa a gaban sarki. Abin da aka rasa shi ne zama da magana har ta nuna, da kuma waƙar da ke duban sana'ar talaka kamar yadda Ɗanmaraya ya duba. A Tawa, can ƙetaren iyaka, an kafa gasar kiɗa da sunan Ɗangurmu don tunawa da makaɗin yankin. Namu ɓangaren ma na bukatar irin wannan fage. Illela cike take da abin waƙa: dillalan kara, 'yan canjin naira da sefa, 'yan kabu-kabun da ke zirga-zirga zuwa Ƙonni, masu noman rani a fadama. Matashin da ya ɗauki fiyanonsa ya yi musu waƙa da Hausar garinsu zai samu masu saurare a ƙasa biyu, ba tare da ya roƙi kowa ba.