Jawan: Sharukan Biyu a Kuɗin Fim Ɗaya

Duk wanda ya ce Sharukan ya tsufa, a kawo min shi Malanville in zaunar da shi gaban Jawan. Mutumin da aka haifa a 1965, yana da shekara 57 fim ɗin ya fito ranar 7 ga Satumba 2023, amma wallahi ya fi samarin Bombai jini a jika!

Lokacin fitowarsa ma abin lura ne a wajenmu. Ba a daɗe da rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya ba, bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, manyan motoci sun yi jerin gwano, kasuwa ta yi sanyi. A irin wannan zaman jugum ne Azad, wato Sharukan, ya shigo mana da kai a aske ƙwal, ya kame jirgin ƙasan birnin Mumbai da 'yan mata shida, yana rawa a cikin tarago. Me yake nema? Kuɗin fansa daga hannun attajiri, don a biya wa manoma bashin da ke sa su rataye kansu. Nan fa! A garin da rabinmu manoman shinkafa ne da albasa, ba sai an yi wa kowa fassarar wannan ba. Wurin da ma'aikatan banki suka tozarta mahaifin Kalki, ɗaya daga cikin 'yan matan, a gaban jama'a kan bashin tarakta, na ga ƙato mai dakon buhu yana goge ido da gefen rawani.

Sai kuma uban Azad. Allah Sarki, Vikram Rathore! Sharukan ne dai, da furfura da sigari a baki, tsohon soja da ya manta kansa amma hannunsa bai manta duka ba. Shigowarsa da bel a hannu don ceton ɗansa kaɗai ta biya kuɗin turi. Darakta Atlee, ɗan ƙasar Tamil, ya san yadda ake shigo da jarumi: a hankali, ƙura na tashi, kiɗan Anirudh na dukan ƙirji.

Bos ɗin, Vijay Sethupathi, ba mai ihu ba ne. A matsayin Kali dillalin makamai, yana magana a sanyaye kamar mai ciniki, kai kuwa tsigar jikinka na tashi. Nayanthara ta riƙe bindiga ta riƙe aji. Deepika Padukone 'yan mintoci ta yi, amma haihuwar Azad da ta yi a kurkuku da yadda aka rataye ta yaron na shekara biyar, ita ce zuciyar labarin. Ga Sanjay Dutt ya leƙo can ƙarshe, wanda iyayenmu na Kano suka raɗa wa Ɗan Daba Mai Lasin.

Masu ƙorafi suna cewa an cusa labari biyar a cikin ɗaya, manoma, asibiti, bindigogin bogi, zaɓe. To sai me? Kusan awa uku ne, ban duba agogo ba. Ya tara sama da rufi biliyan 11, kuma a 2025 ya ciyo wa Sharukan lambar gwarzon jarumi ta ƙasar Indiya, karo na farko bayan shekara 33 yana fim. Sun makara, mu a bakin kogin Kwara tuni muka ba shi.